Agogon Mota Ya Tsaya: Wace Lamba Za a Mayar?

Ya kai mai karatu, ka san babbar hanyar kwalta wadda ta taso daga Yamai, ta ratsa Gidan Rumji, ta biyo ta Maraɗi da Agye da Gazawa, ta wuce Tasawa har Damagaram. Dattawan da ke zaune a bakin wannan hanya ba su manta da wata mota ba, wato Peugeot 404, wadda mutane ke ce wa kat-san-kat. An fara ƙera ta a Faransa a 1960. Ƙanwarta 504 ta fito a 1968. A 1975 kuma aka fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna. Waɗannan motoci sun ɗauki gyaɗa da gero, sun ɗauki awaki, sun ɗauki amare, sun kai marasa lafiya likita da tsakar dare. Yau sun tsufa, kaɗan suka rage a hanya. Amma wanda yake da irinsu yana riƙonta kamar dokin gado.

Maganarmu ta yau a kan wani ɗan ƙaramin abu ce da ke gaban direba. In ka leƙa ta bayan sitiyari za ka ga agogo mai allura. Allurar tana nuna saurin mota. A jikin agogon akwai ƴar taga, a ciki akwai lambobi a jere. Waɗannan lambobi su ne lissafin kilomitan da motar ta yi tun ran da aka ƙera ta. In za ka sayi sa a kasuwa, ai sai ka buɗe bakinsa ka duba haƙora, don ka san shekarunsa. To, waɗannan lambobi su ne haƙoran mota.

Yadda agogon yake ƙidaya

Babu tsafi a ciki. Tayar mota in ta juya sau ɗaya, ta ci ƙasa kusan mita 2. Ke nan a kilomita ɗaya takan juya kusan sau 500. Daga akwatin giya akwai wata doguwar waya mai lanƙwasa, a cikin kubenta, wadda makanikai ke ce wa kebur. In mota tana tafiya, wayar tana juyawa. Bakinta ɗaya yana cikin akwatin giya, ɗayan yana bayan agogo.

A cikin agogon wayar tana aiki biyu. Tana juya wani ɗan mayen ƙarfe, shi ne mai jan allura ta tashi. Tana kuma juya waɗansu ƴan faya-fayai masu haƙora, su ne masu rage saurin juyin, har ya zama juyi ɗaruruwa ba su motsa komai ba sai lamba ɗaya.

Lambobin kuwa a jikin zobba suke. A yawancin motocin wancan zamani zobba biyar ne, an jera su a kan sanda ɗaya. Kowane zobe yana ɗauke da lamba daga 0 zuwa 9. In na dama ya zagaya ya cika goma, sai ya tura na kusa da shi taki ɗaya. Shi ma in ya cika goma, ya tura na gaba. Kamar yadda ka koya a lissafi ne: ɗaya-ɗaya, goma-goma, ɗari-ɗari, dubu-dubu.

Wannan dabara tsohuwa ce. Fiye da shekara 2,000 da suka wuce, wani magini na ƙasar Rum mai suna Vitruvius ya rubuta bayanin keken doki mai irin waɗannan haƙora. In keken ya cika mil ɗaya, sai tsakuwa ɗaya ta faɗa cikin akwati. In an sauka sai a ƙirga tsakuwa, a san nisan tafiya. Haka iyayenmu suke ƙirga buhuna da tsakuwa a bakin rumbu.

Yadda yake lalacewa, da yadda ake gyara shi

In allura ta kwanta, lambobi ma sun tsaya, galibi wayar ce ta tsinke, ko bakinta ya cinye. Wannan gyara mai sauƙi ne. A zare tsohuwar waya, a sa sabuwa, a shafa mata ɗan giris.

In kuwa allura tana tashi amma lambobi ba su motsi, ciwon yana cikin agogon. Ƙurar hanyar burji ta shiga, ta haɗu da tsohon giris, ta daskare kamar laka. Ko kuma haƙoran ɗan faifai ɗaya sun cinye, ko ya tsage. A nan dole makaniki ya cire agogon, ya buɗe shi a hankali a kan tsumma mai tsabta. Ya wanke dattin, ya samo faifai daga agogon wata matacciyar mota, ya sa. Sannan ya daidaita zobban su tsaya a layi ɗaya. In ya gama sai a gwada a kan kwalta, a duba ko lissafin ya yi daidai da alamun kilomita na bakin hanya.

To, a nan ne maganarmu take. Lokacin da agogon yake buɗe a kan tsumma, zobban nan biyar suna hannun makaniki. Da ɗan yatsa ɗaya yana iya juya su yadda ya ga dama. Tafiyar shekara goma, a minti ɗaya ana iya share ta. Babu mai gani sai shi da mai mota.

Ga misali

A ce wani dattijo a Agye yana da kat-san-kat mai buɗaɗɗen baya. Sau uku a mako yakan kai kaya Maraɗi ya komo. Daga Agye zuwa Maraɗi kamar kilomita 80 ne. Zuwa da komowa 160. Sau uku ya zama 480 a mako. Wata rana agogon ya tsaya a kan 62,000. Bai kula ba, tun da mota tana tafiya. Ya yi shekara biyu a haka, mu ce mako 100. Ɗauki alƙalami ka buga: 480 sau 100 ya zama 48,000. Wannan tafiya motar ta yi ta, tayoyi sun sani, inji ya sani, amma agogo bai rubuta ba.

Yanzu ƙarfinsa ya ragu, yana so ya sayar. Wani saurayi daga wajen Gazawa ya zo taya. Saurayin ya sayar da shanun nomansa biyu, ya haɗa da kuɗin ciranin da ya tara. Dattijo ya kai agogon gareji don a gyara kafin ciniki. Makaniki ya buɗe, ya gyara, ya ɗago kai ya ce, “Baba, a kan nawa za a tsayar da shi?”

Hanya uku ce a gabansu.

Ta farko, a juya zobba baya, a tsayar a kan 30,000, don mota ta yi kuɗi. Wannan ba ta bukatar dogon bayani. Kowa ya san sunanta. Ita ce ta mai awon da ya bubbuga gindin tiya ya shige ciki, don ta ci hatsi kaɗan.

Ta biyu, a bar shi a kan 62,000 inda ya tsaya, a yi shiru. Dattijo zai ce, “Ni ban taɓa komai ba.” Gaskiya ne hannunsa bai taɓa ba. Amma ya san akwai 48,000 da ba a rubuta ba. Saurayi zai ga agogo yana aiki, ya ɗauka tun can yana aiki. Shirun dattijo shi ne ya yi masa ƙaryar. Wanda ya sayar da tunkiya mai ciwo bai ce lafiyarta lau ba, bai kuma ce tana ciwo ba, shin ka yarda ya fita?

Ta uku, a haɗa lissafi a sa lambar gaskiya. 62,000 da 48,000 ya zama 110,000. To, ga abin mamaki. Zobba biyar ba su iya ɗaukar wannan lamba. Iyakarsu 99,999. Daga nan sai duka su koma sifiri, su sake farawa. Ke nan in makaniki ya sa lambar gaskiya, abin da zai fito a taga shi ne 10,000. Mai saye zai ga kamar jiya aka fito da motar daga kamfani. Ka ga lambar gaskiya ta fi ta maƙaryaci ruɗi!

Me wannan ya koya mana? Ƙarfe shi kaɗai ba ya iya riƙe gaskiya. Agogo yana ƙirgawa, amma yana mantuwa. Kilomita 100,000 daidai yake da zagaya duniya sau biyu da rabi, don zagayen duniya kamar 40,000 ne. Duk da haka agogon yakan shafe su ya nuna sifiri. Tsohuwar motar da ta shekara arba'in ko hamsin a hanya, mai yiwuwa agogonta ya zagaya fiye da sau ɗaya. Wanda ke tunawa shi ne mutum. Saboda haka amanar ba a cikin zobba take ba, tana bakin mai mota da hannun makaniki. Ko wace lamba ce a taga, in ba a haɗa ta da bayani ba, rabin magana ce.

Uzurin da mutane ke kawowa

Wani zai ce, “Ai kowa haka yake yi. Mai saye ma ya san ba a yarda da agogo.” To, in da gaske ba wanda ya yarda da shi, don me za ka biya a juya maka shi? Kana juyawa ne don ka san akwai mai yarda. Kuma wane ne mai yardar? Ba dillalin mota na birni ba ne, shi ya san kan abin. Yakan duba robar birki yadda ta cinye, ya duba sitiyari yadda ya yi santsi, ya duba hayaƙi. Mai yardar shi ne mutumin ƙauye wanda wannan ce motarsa ta farko. Ashe tarkon naka ba ya kama kowa sai mai rauni.

Wani zai ce, “Ciniki ido ne. Ya duba, in bai gani ba laifinsa.” Akwai abin da ido yake gani, kamar tsatsa da fasasshen gilashi. Wannan mai saye ya duba da kansa. Amma tafiyar da ta wuce ba a ganinta. An sa agogon ne don ya zama shaida a kan abin da ido ba ya kaiwa. In ka juya shi, ka saye shaida ke nan. Ka mayar da cinikin ya zama na biri a sama.

Wani zai ce, “Na sake inji bara. Motar ta koma sabuwa, ya kamata lamba ta ragu.” Wannan uzuri ya fi sauran ƙarfi, don akwai gaskiya a cikinsa. Ka kashe kuɗi, kana da haƙƙin a biya ka. Amma inji kaɗai ka sake. Akwatin giya, da ƙafafu, da birki, da ƙashin motar, duk suna nan da tsufansu. Hanyar karɓar haƙƙinka ita ce ka faɗa: “An sake inji a wata kaza, ga wanda ya yi aikin.” Mai hankali zai ƙara maka kuɗi a kan haka. Gaskiyar tana iya yi maka talla, ba sai ka ari bakin ƙarya ba.

Wani kuma zai ce, “Ina cikin matsi. Damina ba ta yi ba, rumbu babu komai.” Wannan ba abin dariya ba ne, duk mun san shi. Amma duba wanda ke gabanka. Shi ma daga cikin matsin ya fito, shanunsa ya sayar. In ka cuce shi, yunwar ba ta ƙare ba, ka kwashe ta ne daga gidanka ka kai gidansa.

Shi kuwa makaniki zai ce, “Ni aiki aka ba ni. Mai kaya ya ce in juya.” A'a, malam. Mai mota bai iya buɗe agogo ba, kai ka iya. In babu hannunka ƙaryar ba ta tsayuwa. Maƙerin da ya ƙera wa ɓarawo mabuɗi, ya san kuma don me, ba ya cewa ba ruwansa. Sannan ka tuna da yaran da ke koyon aiki a wurinka. Suna tsaye suna kallo. Abin da suka ga maigidansu ya yi, shi za su yi in sun buɗe nasu gareji.

Abin da ke cikin hatsari

Kada ka ɗauka maganar kuɗi ce kawai. Da wannan lamba direba yake sanin lokacin juye baƙin mai, da lokacin duba birki da ƙafafu. Wanda ya ɗauka motarsa yarinya ce, zai yi mata lodin yarinya, ya yi gudun yarinya da ita. Ran kasuwa mutum nawa ne ke hawa bayan motar nan? Akwai mata da goyo, akwai tsofaffi. Ba su san an yi ciniki ba, ba su ga agogo ba. In wani ƙarfe ya karye a kan gangara, su ne za su biya bashin ƙaryar da ba su ci ko dala a cikinta ba.

Akwai wata hasara kuma wadda ba a gani da wuri. In aka cuci mutum ɗaya a gari, labari yakan bazu. Gobe in mai gaskiya ya kawo tasa motar, ya faɗi lambarta, ba mai yarda da shi. Sai a taya ta da arha, don ana tsoro. Maƙaryaci ɗaya ya ci riba sau ɗaya, masu gaskiya goma suna biya shekara da shekaru.

Yadda waɗansu ƙasashe suka yi

Wannan cuta ba a ƙasarmu kaɗai take ba. A Amurka ta yi yawa har aka kafa doka a 1972, aka hana juya agogon mota. Dokar ta yi magana a kan gyara ma. Ta ce in an gyara agogo a bar lambar yadda take. In hakan ba ta yiwuwa, a mayar da shi sifiri, a manna takarda a bakin ƙofar motar ta hagu, a rubuta lambar da yake kai kafin gyara da ranar da aka yi gyaran.

Manya ma sun faɗa cikin wannan rami. A 1987 aka gurfanar da kamfanin Chrysler na Amurka gaban shari'a. An zarge shi da cewa manyan ma'aikatansa sun hau sababbin motoci bayan an cire wayar agogo, daga baya aka mayar da ita, aka sayar da motocin a matsayin waɗanda ba a taɓa hawa ba. Motocin sun kai kamar 60,000. Shugaban kamfanin, Lee Iacocca, ya fito gaban jama'a ya ba da haƙuri. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ko na attajiri ne.

A Beljiyam, ƙasar da tsofaffin motoci da yawa suka fito zuwa Afirka ta Yamma, tun 2006 akwai wata takarda mai suna Car-Pass. Duk ran da aka kai mota gyara, gareji yakan aika lambar agogonta a ajiye. Wanda zai sayar wa mutum tsohuwar mota sai ya ba shi wannan takarda, ya ga lambobin a jere da ranakunsu. In an juya baya, nan take za a gane.

Ka lura da abu ɗaya. Duk waɗannan ƙasashe ba su dogara da ƙarfe ba. Motocin yanzu ma masu lambar lantarki ana juya su da kwamfuta. Maganin da suka samo shi ne rubutu: lamba da rana a kan takarda.

Abin da ya kamata a yi

Mu koma wurin dattijonmu da makanikinsa. Amsar da ta dace ita ce, “Ɗana, bar shi inda ya tsaya, ka kawo takarda.” Sai a rubuta: agogo ya tsaya a kan 62,000. Ya yi shekara biyu ba ya aiki. A lissafina motar ta yi kamar 48,000 a cikin wannan lokaci. An gyara shi ran kaza ga watan kaza. In dattijo ya san agogon ya taɓa zagayawa a hannunsa, ya rubuta sau nawa. Shi da makaniki su sa hannu. A ajiye takardar tare da takardun mota. Ran ciniki a karanta wa mai saye a gaban shaidu biyu.

Wannan ba ya cin kuɗi. Ƙaramin littafi da alƙalami sun isa. In kana da mota ko babur, fara tun yau. Ran da ka juye mai, rubuta lamba da rana. Ran da ka sake taya, rubuta. In agogo ya tsaya, rubuta ranar, ka riƙa ƙirga tafiyarka har a gyara.

Ba za mu ɓoye maka ba, mai yiwuwa dattijo ya rasa wani abu a cikin kuɗin. Mai yiwuwa saurayin ya rage tayi, ko ya fasa. Gaskiya tana da tsada a ranar ciniki. Amma Agye da Gazawa ba su da nisa. Za su haɗu a tasha, za su haɗu a kasuwa, za su haɗu wajen suna da jana'iza. In motar ta lalace a hanya, saurayin zai ce, “Baba ya gaya mini.” Zai gaishe shi, ya nemi shawararsa. Wanda ya juya agogo kuwa, duk ran da ya hango motar tafe sai ya sake hanya.

Gyara shi ne mayar da abu ya yi aikin da aka yi shi dominsa. An yi agogon nan don ya faɗi abin da ya faru. In ka sa masa sabon faifai, ka wanke shi, ya koma juyawa sumul, amma yana faɗin abin da bai faru ba, to, ba ka gyara shi ba, ka ƙara ɓata shi ne. Gara wanda ya tsaya cik, kowa ya san ya tsaya.

Tsufa ba abin kunya ba ne ga mota. Kat-san-kat ɗin da ta zagaya agogonta sau biyu tana kuma tafiya, ai yabo ne gare ta da mai ita. Ka faɗi shekarunta da bakinka, ka rubuta tafiyarta da hannunka, ka karɓi kuɗin da ya dace da ita.

In kun taru da dare, ka karanta wa ƴan'uwa wannan magana, ku tattauna. Ka tambaye su: in da kai ne makanikin nan, agogo yana buɗe a gabanka, mai mota ya ce zai ƙara maka jika biyar in ka juya, me za ka ce masa? Allah ya ba mu ikon riƙe amana.